Yadda ɗalibi zai samu hedfon mai kyawun sauti ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba

Ɗalibin da kunnensa ya san daɗin sauti yakan samu kansa a tsaka mai wuya idan ya tashi sayen hedfon, domin kuɗin da ke hannunsa ƙididdigaggu ne, kasuwa kuma ta daɗe tana cusa wa mutane cewa abu mai kyau sai da tsada. A wasu kayayyakin wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma a harkar na'urorin sauraro an auna ta, an kuma ga rauninta. A shekarar 2017 wani masanin sauti mai suna Jeroen Breebaart ya wallafa bincike a mujallar ƙungiyar masana kimiyyar sauti ta Amurka, inda ya duba ma'aunin hedfon da iyafis guda 283, masu arha da masu tsada, bai kuwa samu wata alaƙa ta a zo a gani ba tsakanin farashin na'ura da yadda take rarraba ƙarfin sauti daga mai kauri zuwa siriri. Wannan rarrabawar kuwa ita ce kan gaba cikin abubuwan da ke sa kunne ya ce wannan na'ura tana da daɗi, waccan ba ta da shi.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san inda kuɗin ke tafiya. Mai sayen hedfon mai tsada yana biyan kuɗin talla da sunan kamfani, yana biyan ƙarfe da fatar da aka ƙawata jikin na'urar da su, idan kuma marar igiya ce yana biyan batir da ƙwaƙwalwar Bluetooth da makirfo da manhajar da ke tafiyar da su. Duk waɗannan suna da amfaninsu, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke fitar da sauti. Abin da ke fitar da shi 'yar ƙaramar sifika ce da ke cikin kowane ɓari, kuma a mafi yawan na'urori ginin ta ɗaya ne: siririn tantani, da naɗin wayar tagulla manne a bayansa, da maganaɗisu. Idan lantarkin sauti ya ratsa naɗin sai ya riƙa turawa da jan tantanin, shi kuma ya kaɗa iska kamar yadda fatar ganga ke yi idan an buga ta. Fasahar tsohuwa ce ƙwarai, domin kamfanin Beyerdynamic na Jamus ya fitar da DT 48 tun 1937, John Koss kuma ya kawo hedfon mai raba sauti hagu da dama a Amurka a 1958. Bayan waɗannan shekaru masu yawa, ƙera sifika mai tsabtar sauti ya daina zama sirrin manyan kamfanoni, ya zama aikin da ƙananan masana'antu ke iya yi da arha.

Abin da ya rage yana bambanta na'ura da na'ura shi ne yadda aka daidaita ta, kuma a nan ne ya kamata ɗalibi ya fi zuba hankalinsa. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa kaɗawa 20,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato abin da ake rubutawa da alamar Hz. Ƙasa da 250 Hz nan ne amo mai kauri yake, irin na manyan ganguna da ake ji har a ƙirji. Daga nan zuwa wajen 4,000 Hz nan ne tsakiya, inda muryar ɗan Adam da yawancin kayan kiɗa suke zaune, sama da haka kuma sai siririn sauti mai kaifi, wanda ke ba da haske da fayyace haruffa irin su sa da sha. Kusan kowane kwali yana ɗauke da rubutun cewa na'urar tana fitar da sauti daga 20 zuwa 20,000 Hz, amma wannan rubutu bai gaya wa mai saye komai ba, domin bai faɗi ƙarfin da kowane yanki ke fita da shi ba. Hedfon biyu za su iya ɗaukar lamba iri ɗaya, alhali ɗaya ya binne muryar mai magana a ƙarƙashin gurnanin ganga, ɗayan kuma yana soke kunne da kaifi har mutum ya gaji cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara wa lamarin sarƙaƙiya. Fatar kunne da ramin kunne suna ƙara wa sautin da ke wajen 3,000 Hz ƙarfi kafin ya isa dodon kunne, ƙwaƙwalwa kuma ta saba da wannan ƙari tun haihuwa, har tana ɗaukar sa a matsayin yadda duniya take. Da zarar an rufe kunne da hedfon, ko an tura iyafis cikin ramin, wannan tsari ya sauya, saboda haka dole maƙerin na'urar ya mayar da ƙarin da hannunsa, gwargwadon da ya dace. Idan ya gaza, muryoyi za su fito a dushe kamar daga nesa, idan kuma ya wuce gona da iri, za su fito da tsawa. Daga wajen shekarar 2012 Sean Olive da Todd Welti na kamfanin Harman suka shiga jerin gwaje-gwaje inda ake saurarar sauti ba tare da mai sauraro ya san sunan na'urar ko farashinta ba, suka kuma gano cewa mafi yawan mutane, gwanaye da waɗanda ba gwanaye ba, sun fi son daidaiton da ya yi kama da na kyawawan lasifika a cikin ɗaki mai kyau, tare da ɗan ƙarin amo mai kauri. Ma'aunin da suka fitar ba doka ba ce, domin a cikin binciken nasu ma an samu masu son kauri fiye da haka da masu son ƙasa da haka, amma ya ba masana'antu manufa bayyananniya, ya kuma ba mai saye abin kwatance. A yau ana samun zanen ma'aunin na'urori da dama a intanet kyauta, kuma ɗalibin da ya koyi karanta wannan zane ya fi mai bin hoton talla sanin abin da zai saya.

Yawancin na'urori masu arha da ba su da daɗi, ba arhar ce ta ɓata su ba, niyyar maƙerin ce. Ana cika su da kauri da kaifi a bar tsakiya a rame, saboda irin wannan sauti yana burge mutum a minti na farko, mintin farko kuwa shi ne lokacin da ake yanke shawarar saye. Tun 1933 masana sauti Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin kauri sosai idan sauti ya yi ƙasa, kuma yana ƙara jin sa yayin da aka ƙara ƙara. Wannan ne ya sa na'urar da ta fi ƙara takan yi kama da ta fi kyau idan an gwada biyu a jere, ko da ba ta fi ba. Ga ɗalibi wannan tarko ne babba, domin rabin saurarensa ko fiye magana ce, wato lacca da darasin bidiyo da karatun littafi da murya, kuma duk waɗannan a tsakiyar da aka ramar suke zaune.

Bayan daidaito sai siffar na'urar, wadda wurin karatun mutum ne ya kamata ya zaɓa masa ita. Hedfon mai buɗaɗɗen baya, wanda kamfanin Sennheiser ya fara fitarwa a 1968 da samfurin HD 414, yana barin iska ta fita ta bayan sifikar, shi ya sa sautinsa ke da faɗi da sakewa, kunne kuma ba ya zufa da wuri. A cikin masu arha na wannan rukuni an san Philips SHP9500, da Koss KSC75 mai maƙalawa a kunne, da Koss Porta Pro wanda ake ƙerawa tun 1984 kusan ba tare da sauya siffarsa ba. Sai dai abin da ya ba su daɗi shi ne kuma aibinsu: na kusa da kai zai ji abin da kake ji, kai ma za ka ji duk motsin da ke kewaye da kai. Wanda ke karatu shi kaɗai a ɗaki zai more su, amma a ɗakin karatu na makaranta ko ɗakin kwanan da ake rabawa da wasu, za su zama abin damun jama'a. Mai rufaffen baya yana tare hayaniya yana kuma riƙe sautinsa a ciki, ko da yake samun daidaito a cikinsa ya fi wuya saboda sautin da ke kai da komo a cikin ƙoƙon. Sony MDR-7506, wanda ya fito a 1991 kuma har yanzu ake aiki da shi a gidajen rediyo da wuraren ɗaukar sauti, yana da ƙarko da fayyace murya, amma kaifinsa yakan yi wa wasu yawa. Audio-Technica ATH-M40x da AKG K361 suna cikin waɗanda ake yawan ambata, na biyun kuma an daidaita shi ne kusa da ma'aunin Harman.

A ganina, inda ƙaramin kuɗi ya fi yin aiki a yau shi ne iyafis mai igiya da ke shiga ramin kunne. Kayan da ake buƙata wajen ƙera shi kaɗan ne, kuma a 'yan shekarun nan gasa ta yi zafi tsakanin ƙananan kamfanonin ƙasar Sin, har samfura irin su Moondrop Chu da 7Hz Salnotes Zero, waɗanda suka fito a 2022, suka kawo daidaiton da a da sai a na'urori masu tsada ake samunsa. Amma iyafis yana da sharaɗi guda wanda mutane da yawa ba su sani ba, wato dole robar bakinsa ta toshe ramin kunne ruf. Idan akwai 'yar kafa komai ƙanƙantarta, amo mai kauri zai zurare ta nan, sautin ya koma siriri marar jiki, mai shi kuma ya ɗora wa na'urar laifin da ba nata ba. Robobin nan masu girma daban-daban da ake sakawa a cikin kwali ba ado ba ne, ya kamata a gwada su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne kunnen hagu ya buƙaci girman da ya bambanta da na dama. Haka lamarin yake ga hedfon mai rufaffen baya a kan mai sanya tabarau, domin ƙafar tabarau tana ɗaga soson kunnen ta buɗe hanyar da kauri ke tserewa.

Wasu lambobin da ake bugawa da manyan haruffa a kwali ba su cancanci a ɓata lokaci a kansu ba. Sifika mai faɗin milimita 50 ba lallai ta fi mai 40 ba, iyafis mai sifiku biyar a kowane ɓari kuma yakan sha kaye a hannun mai guda ɗaya da aka daidaita da kyau. Tambarin Hi-Res yana nufin na'urar tana iya kaiwa 40,000 Hz, ninki biyu na iyakar jin ɗan Adam, iyakar da ita kanta take raguwa yayin da shekaru ke ƙaruwa.

Batun igiya da Bluetooth shi ne inda ɗalibai suka fi rarrabuwa, musamman tun da Apple ya cire ramin hedfon daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu. Ana yawan cewa Bluetooth yana lalata sauti saboda yana matse shi kafin ya aika, kuma gaskiya ne yana matsewa: faifan CD yana ɗauke da kilobit (ma'aunin yawan bayanai) 1,411 a daƙiƙa, tsarin SBC da kowace na'urar Bluetooth ke da shi yana tsayawa wajen 328, LDAC na Sony kuma yana kaiwa 990. Amma bambancin da wannan matsi ke haifarwa ƙarami ne idan aka kwatanta da bambancin daidaito, kuma ba kowa ke iya gane shi ba a gwajin da ba a ganin suna. Dole ne kuma wayar da hedfon su yi tarayya a tsari ɗaya kafin a amfana, shi ya sa mai iPhone ba zai ci moriyar LDAC ko makamancinsa aptX ba ko da ya biya kuɗinsu. Matsalar marar igiya mai arha ta fi wannan zurfi. Ƙaramin kuɗin an raba shi ne tsakanin batir da ƙwaƙwalwa da akwatin caji da sifika, kowanne ya samu kaso kaɗan. Batirin yana raguwa da kowane caji, a ƙananan iyafis kuma yawanci a manne yake da gam ta yadda ba a iya sauya shi, saboda haka ranar da ya mutu na'urar duka ta mutu, ko da sifikarta lafiya lau take. Akwai jinkiri tsakanin hoto da sauti wanda ke damun mai haɗa bidiyo ko mai koyon kiɗa, sannan a yawancin na'urori, da zarar an kunna makirfo don darasin intanet, ingancin abin da ake ji yakan faɗi ƙasa sosai. Ba na musun sauƙin da marar igiya ke bayarwa ga mai yawan zirga-zirga, amma wanda ya sa kyawun sauti a gaba zai fi samun biyan buƙata da mai igiya, ko da sai ya haɗa da 'yar mahaɗar USB-C da ake sakawa a ramin cajin waya, wadda mai kyau daga cikinta ta wadatar da kusan duk na'urar da ɗalibi zai saya.

A nan akwai lambobi biyu da suka cancanci a duba. Ta farko ita ce tirjiyar da na'urar ke yi wa lantarki, wadda ake aunawa da om, ta biyu kuma ita ce yawan ƙarar da take bayarwa da ɗan lantarki kaɗan. Na'urori masu om 16 zuwa 32, ko kaɗan sama da haka, waya da kwamfuta suna iya tuƙa su ba wahala, amma masu om 250 ko 300 sukan buƙaci amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi, wato ƙarin kashe kuɗi da ba a shirya masa ba. Beyerdynamic DT 770 Pro, alal misali, yana zuwa a nau'in om 32 da 80 da 250, kuma wanda ya ɗauki na ƙarshen don ya haɗa da waya zai iya samun sauti marar ƙarfi ya zaci an cuce shi.

Fasahar kashe hayaniya ta lantarki, wadda kamfanin Bose ya yi suna da ita, tana sauraron ƙarar waje da makirfo ta fitar da kishiyarta don su soke juna. Tana aiki sosai a kan gurnani mai ɗorewa kamar na injin mota ko na jirgi, amma ba ta da ƙarfi a kan hirar mutane, wadda ita ce ta fi hana ɗalibi karatu, a na'urori masu arha kuma takan zo da wani siririn huci a bayan sauti. Iyafis da ya toshe kunne da kyau yakan tare muryoyi fiye da ita, ba tare da batir ba.

Tare hayaniya ba batun jin daɗi kaɗai ba ne, batun lafiya ne, kuma wannan ɓangare ne da nake ganin bai kamata mai son sauti ya yi masa riƙon sakainar kashi ba. Mutum yana ƙara ƙarar na'urarsa ne galibi don ya rinjayi hayaniyar da ke kewaye da shi, don haka na'urar da ba ta tare komai tana tura shi zuwa matakin da ke cutarwa ba tare da ya lura ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro marar kiyayewa, ta kuma sanya iyakar desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na tsawon awa 40 a mako ga baligi. Kowane ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfin sautin, yana kuma raba lokacin da aka yarda da shi gida biyu, ta yadda a desibel 90 abin da ya rage bai wuce kimanin awa 4 a mako ba. Ƙwayoyin gashin da ke can cikin kunne, waɗanda ke mayar da kaɗawa zuwa saƙon jijiya, ba sa sake tsirowa idan sun mutu, kuma siririn sauti ne yakan fara tafiya. Ƙugi ko ƙarar da ke zama a kunne bayan an cire hedfon alama ce ta cewa an wuce iyaka. Wayoyi da yawa a yanzu suna nuna adadin ƙarar da mutum ya saurara, suna kuma ba da damar sanya iyaka, kuma ya dace a kunna wannan tun ranar farko.

Idan an riga an sayi na'urar da daidaitonta bai gamsar ba, ba dole ne a jefar da ita ba. Manhajar gyaran sauti tana iya rage yankin da ya yi yawa ta ɗaga wanda ya rame, kuma akwai na kyauta kamar Equalizer APO a Windows, da Wavelet a Android wadda ke amfani da AutoEq, wato tarin ma'aunan dubban samfura. Ragewa ta fi ƙarawa aminci, domin tilasta wa ƙaramar sifika ta fitar da kaurin da ya fi ƙarfinta yana jawo karkarwa da gurɓata. Gyaran ba ya maganin sifikar da ta lalace ko ɓari biyun da ƙarfinsu bai zo ɗaya ba, amma yakan ɗaga na'ura matsakaiciya zuwa matakin da ba a zata ba.

Arha ta gaskiya kuma ana lissafa ta ne da tsawon shekarun da na'ura ta yi tana aiki. Abin da ya fi saurin mutuwa a hedfon mai igiya shi ne igiyar kanta, musamman a wuyan filogi inda take lanƙwasa kullum a cikin jaka, saboda haka samfurin da ake iya cire igiyarsa a sa wata ya fi wanda aka ɗinke ta a jiki daraja nesa ba kusa ba. Soson kunne yana tsufa ya lotsa, kuma lotsawarsa tana sauya sauti, don haka yana da kyau a tabbatar ana samun na canji. Ɗan ragar bakin iyafis yakan toshe da dattin kunne har ɓari ɗaya ya yi ƙasa, abin da gogewa a hankali da busasshen burushi ke warwarewa. Samfuran da suka yi suna su ne aka fi kwaikwaya, shi ya sa farashin da ya faɗi ƙasa da hankali ya kamata ya sa mai saye ya dakata, ya nemi mai sayarwa da ke ba da garanti da damar mayarwa.

Wajen gwaji, ya fi kyau mutum ya yi amfani da sautin da ya sani ciki da waje, ya haɗa da muryar mai magana zalla, domin kunne ya fi saurin gane kuskure a murya fiye da a kowane kayan kiɗa. A daidaita ƙarar na'urorin da ake kwatantawa ta zama ɗaya, a saurara a matsakaicin mataki, a lura ko muryar tana tsaye daidai tsakiyar kai ko ta karkata gefe guda, ko kuma haruffa masu huci suna soka. Idan ta hannu ce za a saya, a murɗa igiyar a hankali kusa da filogi yayin da sauti ke tafiya don a ji ko yana yankewa. Sannan a bar na'urar a kai na tsawon lokacin da ya kai zaman karatu guda, saboda matsin da take yi wa tsakar ka da zafin da take tarawa a kunne ba sa bayyana sai bayan an ɗan jima.